Turke da Burtali: Tsarin Kiwo a Ƙasar Dayi

1.0 Gabatarwa

Dayi gari ne a ƙasar Malumfashi, cikin yankin noman auduga da dawa da masara na kudancin Jihar Katsina. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kalmomin kiwo da Bahaushen wannan yanki yake amfani da su suna ɗauke da wani tsari na raba ƙasa tsakanin gona da dabba, kuma a yau wannan tsari yana raunana.

2.0 Kiwon Turke

Bahaushe ya raba kiwo gida biyu, watau na turke da na sake. Doki dabbar turke ce, abincinsa kai masa ake yi: ɗanyar ciyawa da damina, ingirici da harawa da rani, sai dawa da dusa da kanwa. Wannan ya dace da halittarsa, domin cikinsa ɗaya ne, ƙarami, kuma ba ya tuƙa. Saboda haka kaɗan-kaɗan yake bukata, amma a kai a kai. Idan aka bar shi da yunwa sannan aka cika masa hatsi, ciwon ciki yakan biyo baya. Darajar doki ce ta sa har sarauta aka yi domin kula da barga, watau Shamaki.

3.0 Kiwon Sake

Shanu da tumaki da awaki kuwa masu tuƙa ne, cikinsu kashi huɗu. Sukan cika tumbi da ciyawa, su kwanta su tuƙa. Garke ba ya ƙoshi a turke, dole ya taka zuwa makiyaya da mashaya. Hanyar da aka keɓe masa tsakanin gonaki ita ce burtali, kalmar da aka aro daga "burtol" ta Fillanci. Akan shinge gefensa da aguwa ko bini-da-zugu, don kada dabba ta yi ɓarna. Bayan kaka sai a saki dabbobi su ci karmami da tattaka, makiyayi kuma ya yi kaffa-kaffa da ɗanyen gyauron dawa, domin yakan kashe saniya. Manomi kan gayyaci Bafillace ya sauka a gonarsa saboda taki, har ya ba shi hatsi.

4.0 Sauyin Zamani

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyayu. Mafi shahara a ƙasar Katsina ita ce ta Ruma da Kukar Jangarai, wadda take can arewa maso yamma, nesa da Dayi. Don haka makiyayin wannan yanki ya ci gaba da dogara ga burtali da fadama da saura. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya. Takin zamani ya yawaita, noman masara ya bunƙasa, bukatar manomi ga takin shanu ta ragu. Da jama'a suka ƙaru, aka daina barin saura, noman rani ya shiga fadama, garma ta riƙa cin gefen burtali kunya bayan kunya. Daɗin daɗawa, harawa da kara suka zama hajar kasuwa, manomi yana kwashe su kafin garke ya iso.

Illar ba ta tsaya ga shanu ba. Ciyawar da ake yanko wa doki daga fadama da bakin burtali take fitowa. Idan suka ƙuntata, mai doki ma sai ya saya da tsada.

5.0 Kammalawa

An ga cewa turke da burtali abokan juna ne. Inda burtali ya toshe, saniya ba ta da hanya sai ta cikin gona, daga nan kuma ɓarna da shari'a da gaba suke tasowa. Dattawan da suka san iyakokin burtalai na asali suna ƙarewa. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara sunayen burtalai da mashayu daga bakin masu unguwanni da arɗo-arɗo, domin wannan sani shi ne hujjar da hukuma za ta riƙe ranar da za ta sake shata su.