Malamin gona: wa zai biya shi ya zauna?

Murzuna, tsutsar kan hatsi, ba ta jiran kowa. Da hatsi ya fara fid da kai, wajen watan Agusta, wani ɗan ƙwaro mai yawon dare yakan zo ya zuba ƙwai a kan zangarniya. Bayan ƴan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta shiga yanke fure tana bin kan hatsin a murɗe, duk inda ta ratsa ba tsaba. Manomin Gangara ko na Caduwa ya san wannan zane tun daga nesa, ya kuma san abin da ke bin sa: dami ya cika ido, a sussuka a ga tiya kaɗan.

Maganinta ba na fesawa ba ne. Wani ɗan ƙaramin zanzaro ne da masana ke kira Habrobracon hebetor, wanda macensa ke harbin tsutsar ta sandare, sannan ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Masu binciken ƙwari na cibiyar INRAN a Maradi, cikinsu a shekarun baya har da Dokta Ibrahim Baoua, sun daɗe suna kiwon wannan zanzaro. Akan sa ƴan mata biyu na zanzaron cikin ƙaramin buhun algarara tare da hatsi da tsutsotsin da za su hayayyafa a kansu, a rataye buhunan a wurare daban-daban na gari. Bayan kamar mako guda sababbin zanzaro su fara fitowa, su bazu cikin gonaki. Ba guba, ba famfon feshi, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Amma akwai sharaɗi. Dole wani ya shiga gona ya duba kan hatsi, ya ce yau ne lokacin sakin buhu, domin in an yi gaggawa zanzaro ba zai sami tsutsa ba, in an makara ɓarna ta gama. Dole wani ya hana maƙwabci fesa magani a wannan mako, kada a kashe abokin aiki tare da abokin gaba. Kuma tun da zanzaron ba ya tsallake dogon rani da yawansa, sai an sake saki kowace damina. Ilimin yana nan, a Maradi ma aka inganta shi. Abin da ke ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauke shi daga tashar binciken INRAN ta Tarna ya kai shi bakin gona a kan kari, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Wannan mutum shi ne malamin gona, kuma maganar ɗaukarsa aiki da horar da shi da riƙe shi magana ce ta baitulmali.

A duba lissafi. A ƙidayar 2012, gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji sun tara mutane sama da 900,000, Gidan Rumji kaɗai ta haura rabin miliyan. Ƙananan hukumominsu tara ne: Agye da Caduwa, Gazawa da Gangara, sai Gidan Rumji, Tsibiri, Shadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Wato kowace ɗaya tana ɗauke da mutum kusan 100,000 tun a wancan lokaci, yau kuwa jama'a ta ƙaru ƙwarai. Ko da an ajiye malaman gona uku a kowace ƙaramar hukuma, da moto da mai, ba za su iya taka kowane ƙauye cikin wata ukun damina ba. Ga shi gonaki sun tsuke, gado yana ta raba su, hutun ƙasa ya zama labari. Wanda ke da kadada ɗaya ko biyu ba shi da halin yin kuskure a kan iri ko taki, don haka shi ya fi kowa bukatar shawara.

Ba haka kawai aka wayi gari gidan gona, wato ofishin noma na gwamnati, ya yi shiru ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka buɗe ƙofar barin aiki da son rai, a shekarun 1990 kuma albashi ya riƙa taruwa wata da watanni ba a biya ba, ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994. A wannan zamani Bankin Duniya ya ɗauki nauyin wani salon faɗakarwa mai suna horo da ziyara, inda ake tara malaman gona a ba su darasi duk mako biyu, su kuma su zaga ƙungiyoyin manoma a ranaku tsayayyu. Salon yana da tsada, kuma da rancen ya ƙare wajen ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ba ta iya ɗaukar nauyinsa ba. Waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Makarantar IPDR ta Kollo, mai horar da malaman gona, ta ci gaba da yaye ɗalibai, daga baya Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, wadda aka kafa a 2010, ta zo da tsangayar aikin gona, amma takardar shaida ba ta zama takardar kama aiki ba. Gurabe da yawa sun koma hannun ƴan hidimar ƙasa da ƴan kwantaragi, waɗanda da sun fara sanin sunayen masu gari sai wa'adinsu ya cika.

Shirye-shiryen masu ba da tallafi ne suka toshe giɓin, kuma adalci ne a ce a Agye sun yi abin a yaba. Asusun raya noma na FIDA ya shafe shekaru a wannan yanki: shirin raya karkarar Agye a shekarun 1990, sai PPILDA daga 2005, sai PASADEM, sai ProDAF. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna har ƙasashen waje saboda sassaben zamani, wato barin tohon kututturan sabara da kalgo da gawo su tashi a gona maimakon a share su ƙarƙaf. Dabarar ta bazu daga Maradi tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka fara jan hankalin manoma a kanta, kuma masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta ta farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin da ya bambanta Ɗan Saga shi ne tsari: kwamitin tsaro na gari da ya haɗa maza da mata da makiyaya, dokoki da jama'a suka yarda da su, da manoma da aka horar har suka zama masu horar da wasu ƙauyuka. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Darasin nan yana da fuska biyu, kuma sau da yawa ɗaya kawai ake kallo. Gaskiya ne manomi ya fi saurin yarda da ɗan'uwansa manomi, kuma gonar gwaji ta gari, inda mutum ashirin ko talatin ke haɗuwa duk mako su kwatanta fili da fili da idonsu, ta fi wa'azin ofis tasiri. Amma manomin da ya zama malami wani ne ya koya masa, wani ne ke zuwa ya gyara masa in ya kauce, wani ne zai kira in wata sabuwar tsutsa ta bayyana da bai taɓa gani ba. Haka ƴan sa-kan feshi na ƙauye, haka mataimakan likitan dabbobi irin waɗanda aka fara tsarawa a Dakoro a farkon shekarun 2000, kowane rukuni a ƙarƙashin likita mai lasisi. Duk waɗannan rassa ne, in babu gangar jiki ba su tsayawa. Ni a ganina babban kuskuren shekaru talatin ɗin nan shi ne ɗaukar aikin sa-kai a matsayin madadin ma'aikaci mai albashi, alhali mataimakinsa ne.

Shiri kuwa yana da ranar rufewa. Shekara biyar ko bakwai, a yi bikin kammalawa, motoci su tsufa a harabar ofis, matashin da ya ƙware a harkar irin wake ya tattara ya nufi Yamai neman wani shiri. Akwai kuma ɓarnar da ba a cika faɗa ba: shiri yakan biya fiye da gwamnati, don haka yakan janye gwanayen gidan gona, a bar ofis da wanda bai sami hanyar fita ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu, an ga a fili yadda aikin da ya rataya a aljihun wani yake tsayawa cak rana ɗaya.

Hukumomi sun san da wannan ciwo. A ƙarƙashin shirin 3N, na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, an kafa abubuwa biyu a 2017: hukumar APCA, don ta tsara harkar ba manoma shawara tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa, da asusun FISAN, wanda ɗaya daga cikin ƙofofinsa uku ta shafi kuɗin shawara da bincike da horo. An kuma ƙudurta gina Gidan Manomi a kowace ƙaramar hukuma, da rumbun cimaka da shagon taki da iri da wurin koyon sana'a. Tsarin a takarda mai kyau ne. Sai dai gini ya fi ma'aikaci farin jini wajen masu kasafi, domin gini ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, albashi kuwa nauyi ne na kowane wata har shekara talatin. Alkawarin Maputo na 2003, wanda aka sabunta a Malabo a 2014, ya ce kashi 10 cikin 100 na kasafin ƙasa ya tafi ga noma, amma bai ce nawa ne zai tafi ga mutane ba. Ana iya cika kason da taki mai rangwame da madatsun ruwa, a bar malamin gona ba shi da litar mai.

Ɗauka ma ita ce mai sauƙi, riƙewa ce aiki. Habasha ta horar da malaman gona sama da 60,000 a shekarun 2000, da niyyar ajiye uku a kowace mazaɓar karkara, ɗaya na shuka, ɗaya na dabbobi, ɗaya na ƙasa da daji. Da aka zo bincike wajen 2008, kimanin 45,000 ne ke bakin aiki. Sauran sun gudu saboda ƙarancin albashi, rashin abin hawa, rashin gidan zama da rashin hanyar ƙarin girma. Waɗannan dalilai ba baƙi ba ne a gare mu. A yammacin Gidan Rumji kuma an ƙara da tsoro: tun 2019 ƴan bindiga daga iyakar Zamfara da Sakkwato suka koro dubban mutane zuwa wannan gunduma, har aka tsugunar da wasu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Shadakori, satar shanu da satar mutane kuma ta tsallako iyaka. Wanda aka tura irin wannan wuri da albashi daidai da na mai zama a birni zai nemi canji tun kafin ya kwance kaya. Alawus na zaman karkara da na haɗari ba alfarma ba ce, farashin zaman mutum ne a inda ake bukatarsa.

Akwai wasu ma'aikatan da lissafin gwamnati ya kan tsallake gaba ɗaya, su ne matan da ke mayar da amfanin gona abinci. Masu matsar man gyaɗa da tuya ƙuli-ƙuli, masu gyaran riɗi da aya, waɗanda Agye da Gazawa suka shahara da nomansu, masu garin kunun yara. Wannan yanki na cikin inda yunwar 2005 ta fi yi wa yara illa, kuma har yau tamowa ba ta bar shi ba, ga shi kuwa yana fitar da wake da aya zuwa Najeriya buhu-buhu. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana yin fumfuna mai haifar da guba da ke lalata hanta, kuma ido ba kullum yake gane ta ba. Rabin yini na horo kan shanya da tsince da ajiya zai iya kare gida guda, amma wa zai ba da shi? A gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, malamin gona namiji iyakarsa zaure. In ba a ɗauki mata aikin ba, rabin masu aikin abinci ba za su taɓa jin darasin ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska har ƙwarin wake su mutu ba tare da hoda ba, ya karɓu ne tun daga 2007 domin an bi ƙauye-ƙauye ana ɗaure shi a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance a gabansu, kuma mata suna sahun gaba a wurin.

Don haka in ƙaramar hukuma ko ƙungiya irin FUMA Gaskiya ko zauren manoma na jihar Maradi za su tunkari masu kasafi, bukatar ta fito da sunanta. A rubuta layi na musamman na ɗaukar malaman gona kowace shekara, a fara da ƴaƴan yankin da suka fito Kollo da jami'ar Maradi, waɗanda ke jin harshen wurin kuma suna da dalilin zama. A haɗa kowane gurbi da moto da kuɗin mai da na gyara, in ba haka ba an ɗauki mai gadin ofis ne. A sa sabunta horo kafin kowace damina, tun da iri da ƙwari da ruwan sama duk suna canzawa. Asusun FAFPA, da ke samun kuɗi daga harajin koyon sana'a, ya buɗe ƙofarsa sosai ga mata masu sarrafa abinci da matasan da ke lambu a Gulbin Maradi da Gulbin Kaba. Manoman da aka horar kuma a ba su shaida da ɗan ladan wahala daga asusun da ba ya rufewa in shiri ya rufe. Wayar salula tana taimakawa, kuma cibiyar kira ta RECA da ke amsa tambayar manomi da Hausa ta nuna haka, amma hoton ganye a WhatsApp ba ya nuna danshin ƙasa ko yawan ƙwai a kan zangarniya. Duk sabon shirin da za a sa wa hannu da masu tallafi, a tambaye su tun ranar farko mutum nawa za su horar, kuma gwamnati ta rubuta a cikin yarjejeniyar nawa daga cikinsu za ta ɗauka in sun tashi.