Daga Chalawa Zuwa Haɗeja: Wa Zai Biya Kuɗin Gyaran Gurɓatacciyar Ƙasa?

Duk wanda ya san garuruwan ƙasar Hausa ya san yadda kududdufi ke rikiɗa ya zama fuloti. Da farko rami ne da aka haƙi ƙasar gini, daga baya ya zama juji, ana zuba masa toka da matattun batura da baƙin man gareji. Idan ya cika sai a daddaɓe shi, a yanka, a sayar. A gari irin Haɗeja, inda ambaliya ke kora jama'a zuwa ɗan tudun da ya rage, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, irin wannan fili ba ya rasa mai saye. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne abin da ke binne ƙarƙashin harsashin ginin.

Kashin dabbobi da ragowar abinci ba su da wuyar sha'ani, domin ƙananan halittun cikin ƙasa sukan ruɓar da su. Amma dalma da kadmiyom da kuromiyom ba sa ruɓewa ko da an shekara ɗari. Sukan maƙale a jikin laka, su tsiyaya cikin rijiya, ko su bi saiwar alayyafo da latas zuwa tukunya. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami take fara taɓawa.

Haɗeja tana da ƙarin matsala, wadda ba a cikinta aka haife ta ba. Ruwan masana'antun jima da ke Chalawa da Sharaɗa a Kano, waɗanda ke amfani da gishirin kuromiyom wajen jeme fata, yana gangarawa Kogin Chalawa. Wannan kogi yana haɗuwa da Kogin Kano, su bi ta Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Mafi yawan ƙarfen yakan kwanta a laka kusa da inda aka zuba shi, amma ruwan damina yana iya tayar da lakar ya yi gaba da ita. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, mai zubawa yana wata jiha, mai fadama yana wata.

To, me doka ta ce? Sai da aka gano gubar da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988 sannan gwamnatin soja ta farga. A shekarar aka yi Doka ta 42, mai hukuncin ɗaurin rai da rai ga mai jibge guba, da Doka ta 58 wadda ta kafa hukumar FEPA. A 1992 Doka ta 86 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA. Duk waɗannan sun fi ƙarfi wajen hana sabon laifi. Tsohuwar ɓarna, wadda mai ita ya rufe masana'anta ya tafi, ita ce marainiya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna bisa amana, amma ba ta fayyace wanda zai ɗauki nauyin gyara ba idan fili ya gurɓata: wanda ya ɓata, ko wanda ya saya bai sani ba, ko gwamnan da ya ba da takarda. Amurka ta warware wannan a 1980, bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal, inda aka gina makaranta a kan ramin guba. Dokarta ta ɗora alhakin a kan masu filin na da da na yanzu, ta kuma ware asusu domin filin da ba a ga mai laifinsa ba.

Tsadar rashin irin wannan tanadi ta bayyana a Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400, amma garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajensa a zuba sabuwa.