Shin Ko Kun San? Kasuwar Matasan Ƙwallon Kwando Tana Ci ne a Watan Yuli

Shin ko kun san cewa a Amurka, yaron da ke son jami'a ta ɗauke shi ƙwallon kwando, wasannin hutu sun fi masa amfani a kan na makarantarsa? Gani ya kori ji. Kocin jami'a ba zai yi ta bin makarantun sakandare ɗaya bayan ɗaya ba, alhali akwai zauren da zai zauna ya ga gwanaye ɗari cikin kwana uku.

Mafi shahara cikin irin waɗannan tarukan shi ne Peach Jam, wanda ake yi kowane Yuli a North Augusta, wani ɗan gari a jihar Karolina ta Kudu. Shi ne zagayen ƙarshe na gasar EYBL da kamfanin Nike ya kafa a 2010. Adidas da Under Armour ma kowa na da tasa gasar. Wato dai masu sayar da takalma ne suka kafa rumfunan kasuwar, kuma ba don Allah suke yi ba: ƙafar da za ta zama tauraruwa gobe suke so ta saba da takalminsu tun yau. Jama'a dai sun saba kiran harkar gaba ɗaya da AAU, sunan wata tsohuwar ƙungiya da aka kafa tun 1888.

Ga abin dariya. A ranakun da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ware wa kocina su je kallo, ba a yarda su yi hira da yaran a wurin ba. Sai koci ya sa riga mai ƙaton tambarin jami'arsa, ya nemi kujera a bakin fili inda yaro zai hango shi. Zance ne na kurame, amma kowa ya gane. Kira kai tsaye kuwa sai daga 15 ga Yuni, bayan yaro ya gama shekara ta biyu cikin huɗu na babbar sakandare.

Shin ko kun san mako ɗaya na iya juya rayuwar yaro? A 1996 Tracy McGrady ya shiga sansanin ABCD a New Jersey ba wanda ya san da zamansa, ya fito ana kiransa na ɗaya a ƙasar. Shekara ta zagayo ƙungiyar Toronto ta gasar NBA ta ɗauke shi, bai ma leƙa jami'a ba. A wannan sansanin dai, a 2001, wani yaro ɗan shekara 16 mai suna LeBron James ya jefa ƙwallon ƙarshe da ta kayar da ƙungiyar Lenny Cooke, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa. Cooke bai taɓa buga wasan gasar NBA ko ɗaya ba.

Ƙofar fa ƙarama ce. Samari fiye da rabin miliyan ke buga ƙwallon kwando a sakandaren Amurka, amma kusan ɗaya cikin ɗari ne ke samun shiga jami'o'in rukuni na farko. Ko ka iya tashi sama kamar shaho, sai ka kawo sakamakon darussa 16 da NCAA ta wajabta, da matsakaicin maki 2.3. Iyaye da yawa suna zuba kuɗin mota da otal da rajista, su manta da littafi.

Inda kuɗi ke yawo kuma ba a rasa 'yan kamasho. A Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mutum goma, cikinsu har da mataimakan koci huɗu da wani jami'in Adidas, kan zargin cin hanci wajen karkatar da yara. Guguwar ta yi gaba da kujerar koci Rick Pitino a jami'ar Louisville. Daga 1 ga Yulin 2021 ne aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa a fili.

To, yaron da ke Afirka fa, wa zai gan shi? Joel Embiid bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 15. Ɗan wasan NBA Luc Mbah a Moute ne ya hango shi a sansaninsa na Kamaru a 2011, daga nan sai Amurka, sai jami'ar Kansas, sai gwarzon NBA na 2023.

Na kusa da gida kuma: Masai Ujiri a Zariya ya tashi. Ya buga wa wata ƙaramar kwaleji a Dakota ta Arewa, daga baya ya yi wa ƙungiyar Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa ba ko sisin albashi. A 2003 ya kafa Giants of Africa don shirya wa yara sansani a wannan nahiyar. Shi ne shugaban Toronto lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019.