Tuffar Gashi: Me Ya Sa Sai Mai Tsami?

Kuskuren da ya fi yawa wajen gasa tuffa tun a kasuwa ake yin sa, kafin a hura wuta. Uwargida ta tsaya gaban mai 'ya'yan itace ta zaɓi ja, mai sheƙi, wadda ta fi zaƙi, don a ganinta tunda abin zaƙi za ta haɗa wa iyali, ai sai tuffa mai zaƙi. Wannan tunani ya ɓata gashi ba adadi, kuma ya isa haka nan. Sukari yana nan cikin gwangwani, ko nawa ake so a zuba. Tsamin tuffa da ƙamshinta kuwa ba a sayar da su a kanti. Jar nan da ake kira Red Delicious, da ta ji wuta sai ta saki ruwa ta yi lami, a ci a rasa abin da aka ci. Tuffar gashi ita ce mai tauri, mai tsamin da in ka gatsa sai ka runtse ido, domin ita kaɗai ke jure wa sukari da bota ba tare da ɗanɗanonta ya ɓace ba.

Yawancin tuffar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu, don itacen yana bukatar dogon sanyi kafin ya yi fure da kyau. A cikinta a nemi Granny Smith, koriya shar mai ɗigo-ɗigon fari a ɓawo. Kada a ruɗe da Golden Delicious, wadda korenta ke karkata zuwa rawaya. Ita mai zaƙi ce; in ita kaɗai aka samu, a rage sukari a ƙara lemon tsami.

Sarauniyar tuffar gashi dai ita ce Bramley ta Ingila, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. A 1809 wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka 'ya'yan tuffa a bayan gidansu, a garin Southwell da ke yankin Nottinghamshire. Ɗaya ya tsiro ya zama bishiya. Yarinya ta girma, ta yi aure, ta bar gidan. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan da bishiyar a ciki. Bayan shekara goma, a 1856, wani saurayi ɗan mai gandun renon itatuwa, Henry Merryweather, ya ga irin 'ya'yan da take yi, manya masu tsami ƙwarai, ya roƙi a bar shi ya yanki rassa ya yaɗa irin. Mahauci ya yarda, da sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Haka aka yi. Wadda ta shuka ta rasu ba ta san abin da hannunta ya haifar ba, wanda ya tarar da bishiya a tsaye shi ya tafi da suna, kuma wannan rashin adalci yana ci mini rai duk lokacin da na ga sunan a rubuce. A 1900 guguwa ta kayar da bishiyar, amma wani reshe ya kafa saiwa ya sake tashi. Duk wata Bramley da ke duniya daga waccan bishiya guda ta fito. In ta ji wuta narkewa take yi ta zama lallausa, saɓanin Granny Smith da yankanta ke tsayawa da siffarsa. Ita Granny Smith ta fi sa'a: a 1868 ta tsiro da kanta a gonar wata dattijuwa, Maria Ann Smith, kusa da Sidni a Ostiraliya, kuma sunan tsohuwar ta ɗauka.

A nan sai wani ya ce, to ni ma bari in shuka ƙwayar Granny Smith in samu tawa. Ba za ka samu ba! Ƙwayar tuffa ba ta maimaita uwarta. Shuka goma daga tuffa ɗaya, bishiya goma daban-daban za su fito, galibinsu marasa daɗi. Shi ya sa Merryweather bai nemi ƙwaya ba, reshe ya nema. Aure ake yi wa tuffa, yadda manomanmu ke yi wa mangwaro: a ɗaura reshen mai kyau a kan kututturen wata. Wannan hali ta gado shi ne daga kakarta ta daji, wadda har yau take girma a tsaunukan Tian Shan, kusa da birnin Almaty na Kazakistan. Masu cewa fai na tuffa abincin asalin Amurka ne su ma su sake bincike, domin Turawa ne suka kai tuffar ci can, kuma tun ƙarshen ƙarni na 14 aka rubuta yadda ake gasa ta cikin kwaɓin fulawa a Ingila.

Shi fai yana da wuya a ƙasa mai zafi, don botar kwaɓin kan narke kafin a gama murzawa. Mu bar shi. Abin da ya dace da gida shi ne kurambul, wato tuffar da ake gasawa da tsakin fulawa da bota a samanta, wanda ya yaɗu a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka taƙaita rabon bota da sukari daga Janairun 1940.

A feraye tuffa kilo ɗaya, a cire cibiyar, a yanka da kauri kamar yatsa. A matsa lemon tsami, a barbaɗa sukari cokali biyu ko uku da kirfa kaɗan. In yankan ya fara yin ruwan ƙasa kafin a gama, kada a zubar da sunan wai ya lalace. Iska ce ta haɗu da wani sinadari a naman tuffar, ba ruɓa ba ce, kuma lemon tsamin yana rage shi. A wani kwano a murje fulawa giram 200 da bota mai sanyi giram 100 da kan yatsu har su yi tsaki-tsaki, a haɗa sukari giram 100 da ɗan gishiri. A zuba a kan tuffar sakwa-sakwa, ba a dannawa. Sai tanderu mai zafin digiri 180, kimanin minti 40, har sama ya yi ja, ruwan tuffa yana tafasowa ta gefe. Wadda ba ta da tanderu ta zuba yashi a babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora kwanon ta rufe, ta sa garwashi a kan murfi don saman ya gasu.

Kirfa kada ta wuce rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwaya biyu sun isa. An sha wahalar neman tuffa mai tsami, ba daidai ba ne a binne ta da kayan ƙamshi. In an sauke, a hana yara taɓawa na minti 15, ruwan ya yi kauri, sannan a raba da kastad ko madara mai sanyi.