Zafin Bazara: A Rufe Makarantu Ko A Sauya Lokaci?

A watan Maris na 2024 gwamnatin Sudan ta Kudu ta rufe makarantun ƙasar baki ɗaya, don ana tsammanin zafi zai kai digiri 45. A Fabrairun 2025 ta sake rufewa, bayan da ɗalibai suka riƙa sumewa a Juba. Tambayar ta shafe mu, gama zafin Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40.

Mu dai a ganinmu rufewa ba ta fisshe mu ba. Bazara ba baƙuwa ba ce, tun daga Maris har Mayu take. In aka rufe, zango guda ya salwanta, ga jarrabawar WAEC tafe.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta. Ba a ɗauke sallar ba, lokacinta aka sassauta. Haka malaman allo suke yi tun kaka da kakanni: karatu bayan Asuba, a tashi da hantsi, a koma da yamma, sa'an nan da dare.

Makarantun boko kuwa, sai a cunkushe yara ƙarƙashin kwano babu silin, a sallame su wajen ƙarfe 2, lokacin da ko jaki inuwa yake nema. Me zai hana a shiga ƙarfe 7, a tashi 11:30, a ajiye randuna a kowane aji? Ma'aikaci zai ce ɗauko yaro da hantsi zai raba shi da ofis. Gaskiya ne, amma maƙwabta suna iya yin karɓa-karɓa na wata uku.