Kafuwa da Watsewar Zaurukan Hira na Intanet a Ƙasar Zamfara



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda taron masu hira ta intanet yake kafuwa, ya bunƙasa, sa'an nan ya watse. Sa'ad da Bahaushe ya ga wannan abu bai ƙago masa sabon suna ba, sai ya kira shi zaure, ko dandali, ko majalisa. Lalle sunan ya dace, gama zaure yana da mai shi, yana da masu zuwa kullum, yana kuma da ranar da za a leƙa a tarar ba kowa sai tabarma.

Wata watsewar ƙaura ce kurum. Wajen 2012 samarin Gusau masu ƙananan wayoyin Nokia sun raja'a a kan 2go, wadda aka ƙago a Afirka ta Kudu, inda mutum kan shiga da sunan aro ya yi hira da wanda bai taɓa gani ba. Da wayoyin Android suka yi araha, sai aka kwashe zuwa WhatsApp da Facebook, ba shela, ba sallama.

Wadda ta fi bukatar nazari ita ce watsewar da ke tasowa daga ciki. Alal misali, tsofaffin ɗaliban wata makaranta su buɗe zaure a WhatsApp. Da fari kowa ya san kowa, har ya san uban kowa, saboda haka akwai kunya, ana tauna magana kafin a furta. Sai wannan ya sa abokinsa, wancan ya sa ƙanensa. Kamfanin kuwa ya faɗaɗa ƙofa, daga mutum 256 a 2016 zuwa 1024 a 2022. Nan fa saƙonnin da aka kwaso daga wani wuri za su rinjayi hira: barka da Juma'a, tallar atamfa, jita-jita, ga zagin siyasa in zaɓe ya gabato. To, masu riƙe da hirar dama ba su da yawa, kuma su ne farkon gajiya. Sai su ware su buɗe wani ƙaramin zaure a asirce. Amma fa ba su fita daga tsohon, domin a wurinmu tashi daga majalisa ana cikin zance alamar fushi ce, shiru ya fi sauƙi. Don haka yawan sunaye ba ya nuna zaure na da rai, ko da yake masu shi da yawan suke alfahari.

Jihar Zamfara ta ga wani gwaji da ba kowace ƙasa ta gani ba. A farkon Satumba 2021 hukuma ta sa aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Watau an rufe dandalin waya da na ƙasa lokaci guda. A kwanakin farko mutane kan bi ta Tsafe har Funtua don su yi waya kawai. An maido wa Gusau layi a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba.

A ganina irin wannan yankewa tana rarrabe zauruka gida biyu. Zauren 'yan gari ɗaya, a ce mutanen Bungudu da ke zaune Kano da Kaduna da Ikko, bukatarsa ƙaruwa take yi, don na waje suna ɗokin jin lafiyar gida, duk wanda ya fito inda akwai layi shi ne mai kawo labarin haihuwa da rasuwa. Zauren raha kuwa sabo ne kaɗai ke riƙe da shi, mako huɗu kuma sun isa mutum ya koma majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i. Ko da layi ya dawo, sai a yi ta sallama a ciki, masu amsawa biyu ko uku.