Kafin Ki Miƙa Takardar Barin Aiki

Yau zancenmu ya shafi malaman makaranta da ungozomomi da sauran mata ma'aikatan gwamnati a Kafin Hausa da kewayenta. Sau da yawa maigida zai ce a bar aiki, ko a canja mace zuwa wani ƙauye mai nisa, ko ranta ya ɓaci a ofis, sai kawai ta ɗauki alƙalami. Bayan kwana biyu zuciya ta huce, ta ce za ta je Dutse ta karɓo takardarta. To, 'yar'uwa, nan ne gizo yake saƙa.

Bisa dokar ƙasar nan, takardar barin aiki tana fara aiki ne tun ranar da ta shiga hannun hukumar da ta ɗauke ki. Ba sai an amsa miki ba. Haka babbar kotun ƙasa ta yanke tun 1960 a shari'ar Benson da Onitiri, kana Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar da haka a 2001 a ƙarar da Farfesa Yesufu ya kai Gwamnan Jihar Edo. Watau ba ki da ikon janye ta sai da yardarsu. In sun ga dama su yarda, in sun ƙi ba wanda zai tilasta su. Don haka in kin sake shawara, rubuta takardar janyewa a ranar, ki kai da hannunki, ki sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kofen da za ki riƙe. Roƙo ne, sai a yi shi da ladabi.

Amma fa in tilasta miki aka yi, aka ce ko ki rubuta ko a kore ki, wannan magana ce daban. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa irin waɗannan ƙararraki, tana ɗaukar haka tamkar kora ce, kuma tana iya cewa a mayar da ke. Tana da reshe a Kano. Sai dai shaida take so, ba hawaye ba, kuma ba a jan ƙafa wajen kai ƙara.

In kuwa matsalar ta gida ce, goyo ko jinyar tsohuwa, ki fara neman canjin wurin aiki ko hutu ba biya.